Manaja da Gwangwanaye Masu Ƙiba

Mijin yayata bai taɓa zama manaja ba, wannan nake so a fara sani. Dako yake yi a wani babban sito na kayan masarufi, sai wata rana manajan gaske ya tafi cire haƙori, ya miƙa masa makulli ya riƙe kafin ya dawo. Daga wannan yammacin muka shiga uku. An sallame shi daga siton tuntuni, amma har gobe in ya buɗe baki sai ka ji, "Lokacin da nake riƙe da sito." Mutanen gidanmu na haya suka laƙaba masa Manaja don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har gyara wa yara yake yi in sun manta.

Yaya ita ke riƙe da gidan. Shinkafa da miya take dafawa, ta kai bakin ƙofar babban garejin da ke ƙarshen layinmu, ta zauna cikin rana tana jiran makanikai su fito. A cikin garejin akwai rumfar abinci mai benci da famfo da inuwa, kuma shekara da shekaru Yaya tana leƙen rumfar nan ta ƙofa. Da tsohuwar da ke riƙe da ita ta gaji ta koma wurin ɗanta, ƙungiyar makanikai ta ce duk mai so ta zo ta dafa musu abincin rana sau ɗaya, wadda girkinta ya fi ita za a ba. Aka sa wa Yaya ranar Asabar. Ni ƙanwarta ce, ɗakina yana kallon nasu, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Ana cikin shiri sai ga amalanke a ƙofar gida, an lafta masa kwalaye har mai turawa ba ya ganin gabansa. Manaja yana gaba yana ba da hannu, kamar mai shigo da jirgi.

"Maman yara, fito ki ga arziki!"

Yaya ta fito da ludayi a hannu. Ya yage kwali ɗaya. Gwangwanaye ne, na kifi, na wake, na tumatir, na madara, wasu da tsatsa, wasu a lotse.

"Baban yara, wannan fa daga ina?"

"Daga sitona. Wai zubarwa za su yi. Ki ji sakarci! Da ina nan wa zai yi wannan ɓarnar?"

Na ɗauki ɗaya na juya gindinsa. "Manaja, wannan ai ya yi esfaya tun kafin autarku ta fara tafiya, ga ta can yanzu tana makaranta."

"Ke sarkin baki, me kika sani a harkar sito? Wannan rubutun dabarar 'yan kamfani ce, don ki zubar ki sake saye. Gwangwani yana da kalanda ne a ciki? Kifin da ke ciki ya iya karatu ne, da zai duba ya ce yau ranar ruɓewata ce?"

Nan ya shimfiɗa mana shirinsa. Sauran mata masu neman rumfar za su zo da nama yanka ɗai-ɗai, Yaya kuwa ranar Asabar za ta zo da kifi da wake da madara a saman kowane faranti. Daga rumfa sai kanti, daga kanti sai kamfani, kuma kamfani, kamar yadda kowa ya sani, ba ya tafiya sai da manaja.

Yaya ta saurare shi har ya gama, sannan ta nuna shi da ludayi. "Ka ga tukunyata? Ko murfin gwangwanin nan ya kusance ta, wallahi sai mun raba gari."

Ya yi dariya ya ce mata haka suke, ba su ganin nesa.

Mai kemis, wanda ke haya a shagon ƙofar gida, ya leƙo jin hayaniya. Mutum ne mai sanyin magana. Ya jujjuya 'yan gwangwanaye ya ce gaskiya ba kowane ne ke lalacewa da zarar rana ta wuce ba. In gwangwani lafiya lau yake, bai lotsa ba, bai yi tsatsa ba, bai zubo ba, sau da yawa ɗanɗano ne kawai ke raguwa.

"Kun ji ko!" Manaja ya daka tsalle. "Dakta, maimaita musu!"

"Amma wanda ya kumbura," in ji mai kemis, "ko kare kada a ba. A zubar."

Rabin farko ya shiga kunnen Manaja ya zauna daram. Rabin na biyu ya tsaya a waje. Ya dafa kafaɗar mai kemis cikin tausayi ya ce, "Dakta, kai a magani ka ƙware, bar mini wannan fannin. Kumburi kake ce wa wannan? Ƙiba ce. Kayan ciki ne suka zauna suka huta suka yi auki."

Washegari ya baje tabarma a tsakar gida ya yi tantancewa. Gwangwanaye masu lafiya, waɗanda bakinsu ke shafe sumul, ya ware su gefe ya ce ramammu ne, ba su dace da manyan mutane ba. Ya bi ɗaki-ɗaki yana raba su sadaka, yana tsayawa a kowace ƙofa har sai an yi masa godiya yadda ta gamshe shi. Masu tumbi kuwa, waɗanda in ka aje su a ƙasa sai su yi ta rawa don gindinsu ya fito, su ya tara a ƙarƙashin gadonsu, ya ce na Asabar ne.

Maƙwabta suka ci ramammun, ba wanda ko ciwon kai ya yi. Wannan ya ƙarasa lalata shi.

"Ramammu ma ke nan," yake cewa duk wanda ya gamu da shi a bakin famfo. "Ina ga masu ƙiba?"

Abin da ya rage masa ciwo shi ne bakina. Kullum na wuce sai na ɗauki ɗaya na karanta masa shekarar da ƙarfi. Sai ya yanke shawarar maganin abin daga tushe. Ya cika bahon wankin Yaya da ruwa, ya jiƙa gwangwanayen har takardunsu suka saɓule, sannan ya aro sanfefa wurin kafinta ya goge lambar da ke gindin kowanne. Ya jera su a rana suna ƙyalli, ya tsaya a kansu yana riƙe da ƙugu.

"To sarkin baki, karanta mini."

"Na kasa, Manaja. Kai fa karanta mini: wanne ne kifi, wanne ne madara?"

Ya dubi gwangwanayen. Duk sun zama 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Amma mutum irin Manaja ba ya rasa ƙofar fita.

"Da kunne ake ganewa. Mu a sito haka muke yi."

Baba mai gida, tsohon da ya mallaki gidan, yana zaune a kujerarsa ta roba da kofin shayi ba madara. Manaja ya zaɓi wani mai tumbi, ya ƙwanƙwasa shi, ya kara a kunne, ya girgiza, ya lumshe ido.

"Madara. Mai kauri ma. Baba, miƙo kofinka."

"Ka tabbata, ɗan nan?"

"Baba, ni fa na riƙe sito."

Ya ɗora wuƙa ya buga. Gwangwanin ya yi wata irin ajiyar zuciya, sannan ya yi feshi. Wani baƙin ruwan kifi ya tashi sama, ya tsallake kofin, ya tsallake Baba, ya sauka kan fararen rigunan malamin makaranta da ke shanye a igiya. Warin da ya biyo baya ba zan iya kwatanta shi ba, sai dai in ce matar kafinta da ke wanke-wanke ta bar kwanukanta ta shige ɗaki ta sa sakata.

Malamin makaranta ya fito ya tsaya gaban rigunansa. "Manaja, da me zan shiga aji gobe?"

"Malam, kai mai ilimi ne. Ka san ƙarfin da ya fito da ruwan nan? Sinadari ne. Abincin da ba shi da ƙarfi ai ba zai yi tsalle ba."

"Madarar fa?" in ji Baba, hannunsa a hanci.

"Hayaniyar mata ce ta hana ni ji da kyau."

Akwai wata kyanwa a gidan, wadda ba ta taɓa raina abinci ba, har sabulu ta taɓa ci. Manaja ya zuba mata kifin a murfi don ya rufe bakin mahassada. Ta zo, ta sunsuna, ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, ta haye katanga. Ba ta sake kwana a gidan ba.

"Kyanwar talakawa ce," in ji shi. "Ba ta saba ba."

"To kai da ka saba," na ce, "bismilla."

Mai kemis ya ce kada ya kuskura. Wannan kashedin ne ma ya tunzura shi. Ya buɗe wani, aka samu wake, ya lakato da ɗan yatsa ya kai baki, ya haɗiye idonsa na kawo ruwa, ya ce bai taɓa jin daɗi irin wannan ba.

Banɗaki ɗaya ne a ɓangarenmu. Washegari tun da safe layi ya kai har bakin famfo, kowa da butarsa, ƙofa a kulle. Kafinta ya buga.

"Wa ke ciki ne tun ɗazu?"

"Ni ne," wata murya ta amsa a shaƙe. "Gyaran bututu nake yi muku."

"Bututun lafiyarsa ƙalau jiya!"

"Shi ya sa ba kai aka ba sito ba."

Gyaran bututun nan bai ƙare ba sai da mai kemis ya shigo da ruwan gishiri da sukari, ya tsaya a kansa ya shanye, ya kuma gaya masa Allah ne ya taƙaita, wani da ya yi irin wannan gangancin sai asibiti. Yaya ta yi jinyarsa. Da ya samu kansa, ta zauna bakin gado ta yi masa magana a hankali, irin maganar da ta fi faɗa ban tsoro.

"Baban yara, ban taɓa roƙon ka komai ba. Ranar Asabar ka zauna a gida. Rumfar nan ita ce kaɗai abin da na taɓa sa wa rai. Ka bar ni da ita."

Ya dafa ƙirji ya ce ko ƙofar gida ba zai leƙa ba. Ni dai na ji tausayin Yaya, don na ga ta yarda.

Ashe a cikin banɗakin nan ya yi nazari mai zurfi. Ya gano kuskuren ba na gwangwani ba ne, na sanyi ne. Wuta tana kashe kowace cuta, wannan ko yaro ya sani. Kuma tunda wari sai an buɗe yake fitowa, dabarar ita ce a gasa su a rufe.

Ranar Asabar ni da Yaya muka kai tukwane gareji. Ta share rumfar nan tas, ta goge bencuna, ta jera faranti. Makanikai suka wanke hannu da omo suka zazzauna, masu walda, masu faci, masu gyaran waya, da Ciyaman ɗinsu, wani ƙato mai tumbi wanda ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Aka zuba. Wurin ya yi shiru, sai ƙarar cokula. Ciyaman ya share farantinsa, ya miƙo a ƙara masa, har ya ce, "Hajiya, wannan hannun naki a ina kika ɓoye shi?" Na ga Yaya ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi.

A daidai nan na hango kwat. Wata tsohuwar kwat ce mai ruwan ƙasa wadda Manaja ke sawa in zai je inda ba a gayyace shi ba. Ya fito daga bayan rumfa yana goge hannu, bakinsa har kunne. Na leƙa. Ya samu rabin gangar da masu walda ke ƙona shara a ciki, ya cika ta da gawayi, wuta ta kama jajir, ya jera masu ƙibar nan a kai reras, ga baron da ya turo su yashe a gefe.

"Yaya," na ce, "kada ki waiwaya."

Ta waiwaya. Ludayi ya faɗi daga hannunta.

"Jama'a, assalamu alaikum!" Manaja ya haye wata tsohuwar taya. "Ni ne manajan wannan harka. Abin da kuka ci share fage ne. Yanzu za a kawo muku na musamman, irin wanda sai a manyan otal. Lokacin da nake riƙe da sito..."

Gwangwani na farko ya tashi da ƙarar da ta girgiza kwanon rumfa. Mai faci, wanda ya san ƙarar fashewar taya, ya yi rantsuwa wannan ba taya ba ce, ya ranta a na kare. Wani ya ƙwala ihu, "Tukunyar gas!" Shi ke nan kowa ya yi ta kansa. Benci ya kife, faranti suka tarwatse. Na biyu da na uku suka tashi tare. Wani gwangwani ya bi ta saman kanmu yana feshin wake, ya doki allon gareji ya dawo. Ciyaman, da duk tumbin nan nasa, ya shige ƙarƙashin wata tifa cikin saurin da ko yaransa ba su taɓa yi ba.

"Ku tsaya!" Manaja yana ihu daga kan taya, hannu a sama. "Alamar nuna ce! Da kansu suke buɗewa!"

Wani gwangwanin ya fashe kusa da shi ya tafi da hularsa. Sai ga Manaja a ƙarƙashin tifa, kafaɗa da kafaɗa da Ciyaman.

"Ranka ya daɗe," na ji yana cewa, "wannan na tumatir ne, daga ƙarar na gane."

Wani mai walda ne ya yi ta maza, ya rufe fuska da garkuwarsa ta aiki, ya lallaɓa ya sheƙa wa gangar bokitin ruwa. Hayaƙi ya tashi, wari ya sauka. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, in ban da girar Manaja ta hagu da ta tafi ba sallama. Amma a gefen rumfa akwai wata farar mota da mai fenti ya gama fesawa da safen nan, fentin ko bushewa bai yi ba. Yanzu ta koma mai ɗigo-ɗigo, ga wake, ga tumatir, ga kan kifi a manne a murfin inji. Mai fenti ya zauna a ƙasa dirshan, ya ɗora hannu a ka, bai iya ko zagi ba.

Mutanen layi suka cika ƙofar gareji, har da malamin makaranta, wanda ya ce ya zo ne kawai ya ga ko sinadarin ya yi tsalle da kyau.

Aka jawo Ciyaman. Ya karkaɗe rigarsa, ya cire ƙwayar wake daga kunne, ya dube ta, ya dubi Manaja.

"Wane ne wannan?"

Yaya tana tsaye a tsakiyar rumfar da ta share da hannunta, miya na ɗiga daga rufi. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

"Mijina ne, ranka ya daɗe."

"Allah ya ba ki lada," in ji Ciyaman, kuma ba da wasa ya faɗa ba.

Manyan ƙungiya suka koma gefe suka yi ƙus-ƙus. Manaja ya so ya bi su don ya ba da shawara, mai walda ya riƙe masa kwat. Da suka dawo Ciyaman ya yi gyaran murya. Ya ce maganar mota, wannan mutumin zai zauna wurin mai fenti ya yi ta gugar sanfefa har sai ta koma yadda take, tunda an ce ya iya. Maganar abinci kuwa, ba su taɓa cin irin na yau ba, kuma ba za su yi wa cikinsu ƙarya ba.

"Rumfa taki ce, Hajiya, amma da sharaɗi. Daga ranar da ya gama motar nan, ƙafarsa ba za ta sake taka garejin nan ba. Ba kawo saƙo, ba ɗaukar tukunya, ba shawara. Kin ga mijinki ne, ba ma so mu shiga tsakani. Ki je gida ki yi tunani, in kin..."

"Na yarda," in ji Yaya.

"Ki dai yi shawara da..."

"Na yarda, ranka ya daɗe. In da hali a haɗa da bakin ƙofa."

Gareji ya kwashe da dariya, har mai fenti sai da ya ɗago kai. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya ta ɗauki tsintsiya ta fara share rumfarta.

Ni aka bar wa rakiyar Manaja gida, yana tura baronsa wayam, gira ɗaya, ba hula. Na shirya masa baƙaƙen maganganu cike da baki, ina jira ya fara cewa gawayin ne ba shi da kyau. Muka ci rabin layin bai fara ba. Tunda na san shi ban taɓa jin ya yi shiru mai tsawon haka ba, har abin ya fara damuna. Sai da muka kai ƙofar gida ya aje baron, bai dube ni ba.

"Ƙanwata," ya ce, kuma bai taɓa kira na haka ba, "ko ɗan jim ba ta yi ba. Mutumin nan ya ce ta je ta yi tunani, ko tunanin ba ta yi ba."

Duk maganganun da na tanada suka gudu. Na ji tausayinsa ya kama ni, amma ƙarya ba za ta yi masa amfani ba.

"Ta yi, Manaja," na ce. "Tun ranar da aka ba ka makullin nan take yin sa."